Filin Baba Injiniya: Wa ke da ikon cewa a tsaya?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni sun taru wannan wata, yawanci ta WhatsApp, wasu kuma har zaure aka kawo mini su a Birnin Damagaram. Tambayoyi uku na ɗauka. Ta farko ta ci wuri da yawa domin ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Shekarata 29, na karanci aikin ma'adinai a Yamai. Wata huɗu ke nan da aka damƙa mini wani wurin fasa dutse a bayan gari, inda muke niƙa tsakuwa don masu gini da masu aikin hanya. Mutum 23 ne a ƙarƙashina, wasu sun haife ni. Na zo da sababbin tsare-tsare: a riƙa auna tulin tsakuwa da jirgi maras matuƙi, a shigar da lissafin aiki cikin kwamfuta, a riƙa fesa ruwa a bakin injin niƙa. Kowa sai ya ce mini "to, shef", ina juya baya a koma gidan jiya. Mai kamfani kuwa ba abin da yake tambaya sai mota nawa aka loda. In sallami tsofaffin in kawo matasa ne? Daga wani matashi, unguwar Garin Malam.

AMSA: Ɗana, kada ka sallami kowa tukuna. Zauna in ba ka labari.

Ina kusan sa'arka aka tura ni wani wurin fasa dutse a arewa. A lokacin da lagwani muke tayar da nakiya, wato igiyar wuta da ake kunnawa ta ci a hankali har ta isa ramin. Ran nan rami 12 aka ɗura. Muka laɓe bayan wani tudu, ƙara ta riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta turnuƙe. Da ta fara lafawa na hango motoci uku sun yi layi, direbobi sun ƙosa, sai na miƙe na ce a koma bakin aiki. Kawai na ji an riƙe mini gefen riga. Wani dattijon lebura ne, wanda ranar biyan albashi yatsa yake dangwalawa. Ya buɗe tafin hannunsa, tsakuwa ɗaya tal a ciki. Ashe duk ramin da aka ɗura sai ya tsinci tsakuwa ya riƙe, duk ƙarar da ya ji kuma sai ya yar da ɗaya. Ya ce, "Yaro, saura ɗaya." Na ce wataƙila biyu ne suka tashi tare. Ya ce wataƙila, amma bai saki rigar ba. Muna cikin wannan magana ta tashi. Wani dutse kamar turmi ya faɗo daidai inda motar farko za ta tsaya.

Ni na karanta a littafi cewa in nakiyar lagwani ta ƙi tashi, a jira aƙalla rabin awa. Har jarrabawa na ci a kai. Amma hanyar sanin cewa ta ƙi tashi, a tafin hannun wannan bawan Allah take. Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, har yau ina sa shi cikin addu'a.

A cikin mutanenka 23 akwai mai tsakuwa a hannu. Nemo shi. "To, shef" ɗin da suke ce maka ladabi ne, kuma alama ce cewa ba su ga amfanin faɗa maka gaskiya ba tukuna. Wannan shi ne ciwon da za ka fara yi wa magani, kafin jirgi da kwamfuta.

Cikin tsare-tsarenka uku, na fesa ruwa ne ba na wasa ba, don rai ne a ciki. Duwatsun nan da suka yi mana tsiri-tsiri a Damagaram giranit ne, cike suke da silika, sinadarin da ƙurarsa ke lalata huhu. In an niƙa, ƙurar da ido ke gani hanci da maƙogwaro na tare mafi yawanta. Wadda ba a gani ita ce ke wucewa can cikin huhu ta zauna, huhu ya riƙa yin tabo yana taurarewa. Ba ta fita, ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mutum zai yi shekara goma ko fiye yana ganin lafiyarsa ƙalau, sai ranar da ya kasa tafiya masallaci ba tare da ya tsaya ya huta ba. Rawani ko ƙyallen da suke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta.

To me ya sa suke kashe ruwan in ka juya baya? Ka tambaye su kuwa? Ni zan iya yi maka hasashe. In da tiyo ake kwarara ruwa, garin dutse zai yi caɓi ya toshe rariya, bel ya riƙa sulɓi, kuma su ne za su tsuguna cikin rana su share da hannu, mota na jira, mai kamfani na waya. Ga shi a garin nan kowa ya san kuɗin ruwa, yaron da ya tashi yana jiran ɗan ga-ruwa ba zai ji daɗin ganin ana zubar da shi a kan dutse ba. Abin da ake so feshi ne siriri kamar raɓa, a wuraren da dutse ke faɗowa daga wani inji zuwa wani. A haƙa kududdufi biyu a jere, laka ta kwanta a na farko, a ɗebi na biyu a sake amfani da shi. Kira dattijon da ya fi daɗewa a kan injin, ka ce, "Baba, ina ne ƙurar ta fi tashi, a ina za mu sa bakin feshin da ba zai toshe mana rariya ba?" Inda ya nuna, a nan za a gwada. Ko ya yi kuskure za ku gyara tare, amma daga ranar abin ya zama nasa, shi ne zai hana yara kashewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kwamfuta kuwa, abin da aka ba ta shi take mayarwa. Ka fara da littafi mai bango mai kauri, ka ɗaure shi da igiya a jikin kowane inji. Awa nawa ya yi, gazuwal nawa ya sha, yaushe aka sa giris, me ya lalace, minti nawa aka tsaya. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya ja layi-layi. Da yamma kai ka kwashe ka shigar. Bayan wata uku za ka je wa mai kamfani da yaren da yake ji: "Alhaji, bel ɗin nan ya tsayar da mu kwana kaza, mota kaza ke nan muka rasa, ga kuɗin sabo." Jirgin auna tuli yana da amfani, hotunan da yake ɗauka daga sama ne ake haɗawa a fitar da girman tulin. Sai dai ba ka bukatar saye. Ka ɗauki hayar mai shi sau biyu a shekara, kuma da izinin hukuma a hannu, ka san halin tsaron da ake ciki.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma zai same ka. Bayan Yulin 2023, da aka rufe iyakar Benin, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka tsaya cak. Hatta Somaïr mai haƙar yuraniyom a Arlit, da duk girmanta, sai da ta dakatar da tace ma'adini don rashin sinadaran aiki. In haka ta faru da babba, kai da ɗan injinka fa? Ka san duk mai walda da mai injin sassaƙa ƙarfe na ƙwarai a garin nan, da sunansa da rumfarsa. Haƙoran injin niƙa in sun cinye ta ƙasa ana juya su sama ta koma ƙasa, su sake yi maka wani zango. Rariya ana facinta. Garin nan ba baƙon ƙira ba ne, a zamanin Sarki Tanimu maƙeranmu igwa suke zubawa a nan cikin Birni. Amma akwai inda dabara ba ta shiga: birki, wayar ɗaga kaya, tukunyar iska mai matsi, da duk abin da ya shafi nakiya. Waɗannan ko na asali ko a tsaya.

Sai maganar tsayawar kanta. Gobe da safe, kafin a tayar da inji, ka tara su duka har da mai gadi. Ka ce duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba yana da ikon ɗaga hannu a kashe inji, kuma ba za a yanke masa ko dala ba. Ba za su yarda da kai ba ranar. Za su jira su ga ranar da wani yaro ya tsayar da aiki, aka duba aka tarar ba komai. In ka harare shi, shi ke nan ka rufe bakin kowa har ka bar wurin. In ka ce masa madalla a gaban jama'a, sannan da mai kamfani ya kira yana faɗa ka ce "ni na ba da umarni", to ka samu mutane. Faɗan Alhaji kai ne za ka shanye shi, don shi aka ba ka kujerar.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ni da ƙanena muna da ramin zinariya, yara takwas ke mana aiki. Zurfinsa ya kai gaba 15, ruwa ya fara damunmu. Mun ɗan tara kuɗi. Ƙanena na son mu sayi sabuwar na'urar gano zinariya irin wadda muka yi aiki da ita a Jado, ni kuma ina ganin ƙaramin injin jan ruwa na fetur da za mu saukar cikin ramin. Wanne ya fi? Daga wani magidanci, Magarya.

AMSA: Malam, da na karanta "za mu saukar cikin ramin" sai da gabana ya faɗi. Don girman Allah kada injin fetur ya sauka rami. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi. Yaro zai ji ciwon kai, ƙafa ta mutu, ya zauna ya ɗan huta, daga nan ba tashi. Na sama ya ga shiru ya sauka dubawa, shi ma ya tafi. Sau da yawa ɗaya bayan ɗaya ake fito da gawar ƴan'uwa. Kada kuma ku dogara da gwajin kyandir irin na masu haƙar rijiya. Kyandir na nuna ƙarancin iskar shaƙa, amma yana iya ci sarai a cikin wannan gubar da ta isa kashe mutum.

Inji ya zauna a sama, nesa da bakin rami, ta inda iska za ta kwashe hayaƙin. Abin da zai sauka shi ne famfon lantarki mai nutsewa cikin ruwa, irin na rijiyar burtsatse, da waya mai kyau wadda ba a yi wa ɗori ba. Yanzu har na hasken rana akwai a kasuwa. Ku haɗa da fanka mai hura iska ta doguwar leda har ƙasan ramin, a kunna ta kafin kowa ya sauka. In da saura, akwai ƴar na'ura kamar wayar hannu da ke ƙara in gubar ta taru, a rataya wa na ƙasa.

Na'urar ƙanenka kuwa ta yi rana a Jado ne a 2014 domin a can zinariyar gudaji ce kusa da fuskar ƙasa, kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017. Irin wannan na'ura ba ta jin abin da ya yi nisa, yawanci ko mita ɗaya ba ta kaiwa. Ku da kuke bin jijiyar dutse mai zinariya a zurfin gaba 15, abin da zai amfane ku tokara ce. Ku tuna Ɗan Isa a jihar Maraɗi, Nuwamban 2021, ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Rami na rufta ne in an haƙa kusa da juna, hanyoyin ƙasa suka haɗe, kwaɗayi kuma ya sa aka cinye ginshiƙin da ke riƙe da rufin saboda an ga ƙyalli a jikinsa. Kai ne mai rami, kai za ka shata ginshiƙi ka ce wannan ba a taɓa shi ko zinariya ce zalla. Kowace safiya a ƙwanƙwasa rufin da dogon ƙarfe. Dutse mai lafiya ƙara yake kamar ƙararrawa, wanda ya saki kuwa amo yake kamar ganga. In an ji ganga, a fito.

Ba ka ambaci zaiba ba, amma na san da ita kuke kama zinariyar. Lokacin da kuke ƙona dunƙulen, zaibar ba ɓacewa take ba, tururi take zama ku shaƙa, ta kwanta a bango da tufafi. Ƙarshenta rawar hannu, mantuwa, ciwon ƙoda, kuma ta fi yi wa ɗan da ke ciki illa. Sunan garin Minamata na Japan, inda ta nakasa mutane masu yawa, shi aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan rage amfani da ita, Nijar ma tana ciki. Mai walda zai iya haɗa maka rufaffiyar tukunyar ƙonawa da guntayen bututun ruwa na ƙarfe: tururin ya bi ta bututu ya huce cikin kwanon ruwa, mafi yawan zaibarka ta dawo ka sake aiki da ita. Ka ga ga lafiya ga rangwamen kuɗi. A ƙona a fili, bayan gari. Dutsen rami kuma kada ya shiga gida, kada ya shiga turmin mata. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gida. Yara takwas ɗin nan iyayensu amana suka ba ka.

TAMBAYA: Baba, ina ajin ƙarshe a lise, ɓangaren kimiyya, ina son in karanci ilimin duwatsu da ma'adinai in na samu bak. Mahaifina ya ce aikin maza ne, kuma ya ƙare tunda an rufe Cominak mai haƙar yuraniyom, Turawa ma suna tafiya. Me zan ce masa? Daga wata ɗaliba, Sabon Gari.

AMSA: Ƴata, mahaifinki ya faɗi abin da ya gani, kuma ba ƙarya ya yi ba. Cominak ta yi aiki daga 1978 har 31 ga Maris 2021, iyalai da yawa sun dawo gida, wasu a unguwarku ma. Kada ki yi masa gardama. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki durƙusa ki ce kina neman shawararsa, sannan ki kawo masa sauran labarin.

Ramin da aka rufe ya bar miliyoyin tan na tarkacen ma'adini da sai an lulluɓe, da ruwan ƙasa da za a yi shekaru ana aunawa. Somaïr da ke fitar da yuraniyom tun 1971, gwamnati ta mayar da ita mallakar ƙasa a Yunin 2025. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, in baƙo ya tashi daga kujera sai an samu ɗan gida da ya iya aikin, ba a zama da takardar naɗi kaɗai a gaban injin tace ma'adini. Nan kusa da mu, wajen kilomita 50 a kan hanyar Tanut, matatar mai ta SORAZ na aiki tun 2011, an gina ta don ganga 20,000 a rana, ɗanyen man na zuwa mata ta bututu daga Agadem. Wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya kai man har gaɓar tekun Benin, aka fara lodi a 2024. Sonichar na can Cirozerin tana haƙar kwal tana ba da wuta.

Amma ni da za ki ji tawa, ki karkata ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Damagaram a kan giranit take zaune, dutsen da ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke mana babban birni zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo mana abin sha, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram, garin kuma sai ƙaruwa yake. Wadda ta iya karanta dutse ta ce a haƙa nan, kada a haƙa can, ba za ta rasa aiki ba ko an rufe kowane ramin yuraniyom. Ki tambayi mahaifinki jarka nawa ya saya a bazarar da ta wuce.

Maganar aikin maza kuwa, na yi aiki da mata a ɗakin gwajin sinadarai da wajen awon ƙasa, kuma littafin da ya fi kowanne tsafta da na taɓa gada na wata baiwar Allah ce mai kula da awon ƙura. Makarantun koyon aikin ma'adinai, EMIG na Yamai, EMAÏR na Agadas, ki sa malamanki su binciko miki sharuɗɗan shiga tun yanzu. Ki dage da lissafi da fizik, ki fara koyon Ingilishi domin littattafan injuna da yawa da shi suke zuwa.

In mahaifinki ya amince, ku zo tare ranar Juma'a bayan la'asar, masu mujallar nan za su kwatanta muku gidan. Akwai guntayen dutse uku a kan tagar zaurena, giranit ɗin bayan gari, da dutsen yashi na arewa, da farar jijiyar da ake samun zinariya. Zan zuba wa kowanne ruwa daga buta ya gani da idonsa wanne ke sha, wanne ke zubarwa.